Salim Maula Abi Huzaifa (RA): Yaron Farisa Da Shari'a Ta Cire Wa Sunan Aro, Ba Ta Yar Da Shi Ba

  

Ya 'yan'uwa Musulmi, da ɗalibai masu neman ilimi, akwai tambayar da take yawan dawowa a zaurukan karatu, a nan Kabalaye da sauran unguwannin Injamena. Yaro ne aka ɗauko daga wata ƙasa ko wani gari mai nisa, aka raɗa masa sunan wanda ba shi ya haife shi ba, ya tashi yana ganin nan ne gidansu. Daga baya sai tsarin ya rushe, ko don gaskiya ta fito, ko don hukuma ta hana, ko don mai riƙon ya mutu magada sun ce ba su san zancen ba. To, wannan yaro ɗan wane ne? Wa zai gada, wa zai gaje shi? Wace mace ce muharramarsa a gidan da ya girma? Wannan mas'ala ta faru a Madina a gaban Manzon Allah (SAW), kuma wanda ta faɗa wa yana cikin manyan sahabbai. Shi ne Salim, wanda aka fi sani da Maula Abi Huzaifa, Allah Ya ƙara masa yarda.

Asalinsa

Salim ba Balarabe ba ne. Malaman tarihin sahabbai, irin su Ibnu Abdil Barri a cikin Al-Isti'ab, sun ambata cewa asalinsa mutumin Farisa ne, daga birnin Isɗakhar, wanda kufansa yake kusa da Shiraz a ƙasar Iran ta yau. Alkunyarsa Abu Abdillahi. Bauta ce ta rabo shi da ƙasarsu yana ƙarami, ta kawo shi ƙasar Larabawa, kamar yadda ta yi wa yara da yawa a wancan zamani na hare-hare da kasuwannin bayi. Ibnu Abdil Barri ya kira mahaifinsa Ma'aƙilu, amma wannan suna bai bi shi a bakin mutane ba, domin babu dangi ko kabila a Hijaz da za a jingina shi gare su.

Ya faɗa hannun wata mata daga kabilar Ausu ta Yasriba, wadda aka fi sani da Subaita 'yar Ya'ar, matar Abu Huzaifa ɗan Utba. Ita ce ta 'yanta shi, kuma ta 'yanta shi ne a matsayin sa'iba, wato sakakke don Allah, ba ta ɗora masa wani sharaɗi ba, ba ta kuma riƙe wani haƙƙi a kansa ba. Ku riƙe wannan kalma, domin za ta dawo a ƙarshen labarinsa.

Gidan Abu Huzaifa

Abu Huzaifa ɗa ne ga Utba ɗan Rabi'a, ɗaya daga cikin manyan shugabannin Ƙuraishawa na gidan Abdu Shamsi. 'Yar'uwarsa ita ce Hindu matar Abu Sufyan, ɗan'uwansa kuma Walidu. Ya musulunta tun da wuri, kafin Annabi (SAW) ya shiga gidan Arƙam, ya kuma yi hijira zuwa Habasha tare da matarsa Sahla 'yar Suhailu ɗan Amru. A can ta haifa masa ɗansa Muhammadu.

Wannan ɗan babban gida shi ne ya ɗauki Salim ya mai da shi ɗa ta hanyar tabanni. Tabanni a wurin Larabawan jahiliyya ya wuce abin da mu Hausawa muke kira riƙo ko tallafi. A riƙo, gwaggo ko kawu ko kaka su ɗauki yaro su raine shi, amma kowa a unguwa ya san ubansa, kuma ranar rabon gado wajen ubansa zai nufa. A tabanni kuwa, ana shelanta wa jama'a cewa wane ya zama ɗan wane, a kira shi da sunansa, su gaji juna, matan gidan su haramta gare shi kamar ɗan cikinsu. Haka aka riƙa kiran wannan yaro na Farisa Salim ɗan Abu Huzaifa.

Ba shi kaɗai ba ne. Zaidu ɗan Harisa, wanda mahara suka sace yana tare da mahaifiyarsa aka sayar da shi a kasuwar Ukaz, ana kiransa Zaidu ɗan Muhammadu. Miƙdadu ɗan Amru ana kiransa ɗan Aswad. Amiru ɗan Rabi'a ana jingina shi ga Haɗɗabi mahaifin Sayyidina Umar.

Abu Huzaifa bai tsaya ga suna ba. Ya aurar wa Salim 'yar ɗan'uwansa Walidu ɗan Utba, wadda riwayar Buhari ta kira Hindu, riwayar Muwaɗɗa Malik kuma ta kira Faɗima. Tana cikin matan da suka fara hijira, kuma tana cikin mafiya daraja a matan Ƙuraishawa. Imamu Buhari ya kawo wannan hadisi a Kitabun Nikahi, a babin da yake nuna cewa dacewar ma'aurata da addini ake aunata. Jikar Utba ta auri 'yantaccen bawa daga Farisa, a garin da ake alfahari da kakanni.

Limamin Muhajirai

Da aka yi izinin hijira a shekara ta 622 miladiyya, Salim yana cikin waɗanda suka riga Annabi (SAW) isa Madina. Muhajiran farko sun sauka a wani wuri da ake kira Usba a yankin Ƙuba. Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Salim ne yake yi musu limanci, saboda ya fi su haddar Alƙur'ani. A cikin masu bin sa salla akwai Umar ɗan Haɗɗabi da Abu Salama ɗan Abdul Asadi. Malaman fiƙihu sun kafa hujja da wannan a kan halaccin limancin bawa da 'yantacce, da kuma gabatar da wanda ya fi karatu.

Ya halarci Badar a shekara ta 2 bayan hijira, da Uhudu, da Handaƙ, da sauran yaƙoƙi tare da Manzon Allah (SAW). Ranar Badar jarrabawa ce ta musamman ga gidansu. Mutum uku da suka fara fitowa fito-na-fito daga rundunar Makka su ne Utba, da ɗan'uwansa Shaiba, da ɗansa Walidu: wato mahaifin Abu Huzaifa, da baffansa, da ɗan'uwansa wanda shi ne surukin Salim. Dukkansu aka kashe su a hannun Hamza da Aliyu da Ubaida ɗan Harisu. Ibnu Ishaƙ ya ambata cewa da ake jan gawar Utba zuwa rijiyar Badar, fuskar Abu Huzaifa ta canza. Annabi (SAW) ya tambaye shi, sai ya bayyana cewa ba shakka ce ta kama shi ba, baƙin ciki ne, domin ya san mahaifinsa da hankali da haƙuri, ya yi ta fatan su ja shi zuwa Musulunci. Annabi (SAW) ya yi masa addu'ar alheri. A wannan rana Abu Huzaifa ya rasa dangin jini uku, wanda ya tsaya kusa da shi a sahu kuwa shi ne yaron da ya ɗauko.

Ranar Da Aka Soke Tabanni

A wajen shekara ta 5 bayan hijira Allah Ya saukar da Suratul Ahzab. Aya ta 4 ta bayyana cewa wanda mutum ya kira ɗansa da baki bai zama ɗansa ba. Aya ta 5 ta yi umarni a jingina irin waɗannan 'ya'ya ga iyayensu na asali, domin shi ne adalci a wurin Allah, wanda kuma ba a san mahaifinsa ba a ɗauke shi ɗan'uwa a addini kuma majiɓinci. Aya ta 37 ta rufe ƙofar gaba ɗaya da auren Annabi (SAW) da Zainabu 'yar Jahshi bayan Zaidu ya rabu da ita, don a san matar ɗan tabanni ba ta da hukuncin matar ɗan ciki.

Nan take kowa ya koma ga sunansa. Zaidu ya koma ɗan Harisa, Miƙdadu ya koma ɗan Amru. Su suna da iyaye sanannu da kabilu sanannu. Salim kuwa shi ne ainihin wanda ƙarshen aya ta 5 ta yi magana a kansa. Ƙasarsa tana bayan hamada da teku, ƙarƙashin mulkin Kisra, ba wanda zai je ya nemo masa dangi. Daga ranar aka daina ce masa ɗan Abu Huzaifa, aka koma ce masa Maula Abi Huzaifa.

Ku duba abin da hukuncin ya ɗauke masa, da abin da ya bar masa. Ya ɗauke masa nasabar Ƙuraishawa, ya ɗauke masa gadon Abu Huzaifa, ya ɗauke masa zama muharrami ga matan gidan. Amma bai mai da shi bauta ba. Bai raba aurensa da 'yar Walidu ba. Bai kore shi daga Madina a ce ya koma inda ya fito ba. Bai rage masa rabonsa na ganima ko matsayinsa na mutumin Badar ba. Malaman tarihi suna lissafa shi cikin Muhajirai saboda hijirarsa, cikin Ansar saboda wadda ta 'yanta shi, cikin Ƙuraishawa saboda jiɓintar Abu Huzaifa, cikin mutanen Farisa saboda asalinsa. An cire masa suna ɗaya na aro, aka bar shi da gida huɗu na gaskiya.

Kukan Sahla

Hukunci idan ya sauka, a cikin ɗaki ake jin nauyinsa. Sahla 'yar Suhailu ta zo wurin Manzon Allah (SAW) ta kai kukanta. Ta bayyana cewa su ɗa suke ɗaukar Salim, yana shigo mata tana cikin kayan aikin gida, kuma ɗaki ɗaya gare su. A riwayar Muslim ta ƙara da cewa tana ganin rashin jin daɗi a fuskar Abu Huzaifa idan Salim ya shigo. Annabi (SAW) ya umarce ta ta shayar da shi, a riwayar Muwaɗɗa sau biyar, don ya haramta gare ta ta hanyar nono. Ta yi mamaki domin ya riga ya zama babban mutum mai gemu, Annabi (SAW) ya yi murmushi ya nuna mata ya san da haka. Alƙali Iyad ya fassara cewa tatsa ta yi a ƙwarya ya sha, Imamu Nawawi kuma ya kyautata wannan fassara. Bayan haka ta dawo ta ba da labari cewa abin da ke zuciyar Abu Huzaifa ya gushe.

Ɗalibai su lura da kyau a nan, domin wuri ne da jahilai suke wasa da shi, maƙiya kuma suke suka da shi. Nana A'isha (RA) ta ɗauki hukuncin a matsayin na kowa. Ummu Salama da sauran matan Annabi (SAW) suka ƙi, suka ce rangwame ne ga Salim shi kaɗai. Mazhabobi huɗu sun tafi a kan cewa shayar da babba ba ta haramta aure. Ibnu Hazmi ya bi ra'ayin Nana A'isha, Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim suka taƙaita shi ga mai larura irin ta Salim. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda mai Risala ya kawo, nonon da yake haramtawa shi ne wanda ya isa cikin jariri a cikin shekara biyu, ko abin da ya kusance su kamar wata ɗaya ko biyu, ko da tsotsa ɗaya ce, matuƙar ba a riga an yaye shi ya wadatu da abinci ba. Saboda haka wanda ya ɗauki jariri riƙo yana da ƙofa a buɗe: matarsa, ko 'yar'uwarta, ko 'yar'uwarsa ta shayar da shi tun yana cikin wannan lokaci, gwargwadon wanda ake so ya zama muharrami gare shi. Nono yana kawo haramcin aure da halaccin shiga gida, amma ba ya kawo gado, ba ya canza sunan uba.

Babban darasin shi ne Manzon Allah (SAW) bai ce wa Sahla ta sallami Salim ya nemi wani gida ba. Ya nema masa mafita a cikin shari'a don kada gyaran doka ya zama sanadin raba shi da mutanen da bai san kowa ba sai su.

Ma'abocin Alƙur'ani

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru cewa Annabi (SAW) ya yi umarni a koyi Alƙur'ani daga mutum huɗu: Abdullahi ɗan Mas'udu, da Salim, da Ubayyu ɗan Ka'abu, da Mu'azu ɗan Jabal. Wanda Larabci ba harshen iyayensa ba ne ya zama malamin Larabawa a Littafin da ya sauka da harshensu. Ibnu Majah ya ruwaito cewa wani dare Nana A'isha ta yi jinkirin komawa ɗaki saboda ta tsaya sauraron wani mai karatu a masallaci wanda ba ta taɓa jin irin muryarsa ba. Annabi (SAW) ya fita ya saurara, ya gaya mata Salim ne, ya kuma gode wa Allah da Ya sanya irinsa a cikin al'ummarsa.

Karatun nasa bai tsaya a maƙogwaro ba. Bayan buɗe Makka a shekara ta 8, an aika Halidu ɗan Walidu zuwa Banu Jazima. Mutanen ba su iya furta musuluntarsu da lafazin da aka saba ba, Halidu ya yi kuskuren fahimta ya yi umarni a kashe kamammu. Ibnu Hishamu ya kawo cewa mutum biyu ne suka tsaya suka yi masa musu, Abdullahi ɗan Umar da Salim. Da labari ya kai Madina, Annabi (SAW) ya barranta daga abin da aka yi, ya aika Sayyidina Aliyu ya biya diyya. Wanda aka taɓa kamawa ba shi da mai tsaya masa, shi ne ya tsaya wa kamammu a gaban babban kwamanda.

Yamama

A zamanin halifancin Sayyidina Abubakar, shekara ta 12 bayan hijira, rundunar Musulmi ƙarƙashin Halidu ta haɗu da Banu Hanifa mabiya Musailama maƙaryaci a Aƙraba ta ƙasar Yamama. Da farko an tura Musulmi baya. Tutar Muhajirai tana hannun Zaidu ɗan Haɗɗabi, da ya yi shahada sai Salim ya ɗauka. Wasu suka nuna tsoron kada a ɓullo musu ta wajensa, ya amsa musu da cewa idan haka ta faru to ya zama mugun mahaddacin Alƙur'ani. Shi da Sabitu ɗan Ƙaisu mai tutar Ansar suka haƙa rami kowa ya kafa ƙafafunsa a ciki don kada ya ja da baya. Aka sare hannunsa na dama ya riƙe tutar da hagu, aka sare hagun ya rungume ta, yana karanta ayoyin Ali Imrana masu magana a kan haƙurin mabiya annabawa a fagen fama.

Da ya faɗi, kafin ransa ya fita, ya tambayi labarin Abu Huzaifa. Aka ce masa ya yi shahada. Ya nemi a kwantar da shi kusa da shi. Shari'a ta raba sunansu shekara bakwai kafin wannan rana, amma ba ta raba zukatansu ba, kuma a fili ɗaya suka cika.

Yawan mahaddatan da suka yi shahada a Yamama shi ne ya sa Sayyidina Umar ya ba Sayyidina Abubakar shawarar a tattara Alƙur'ani wuri ɗaya, aka ɗora wa Zaidu ɗan Sabitu aikin. Duk mai buɗe Mus'hafi a yau yana cin gajiyar abin da rasuwar su Salim ta farkar da sahabbai a kansa.

Gadonsa

A nan hukuncin Suratul Ahzab ya bayyana a aikace. Dukiyar Salim ba a kai ta ga Muhammadu ɗan Abu Huzaifa a matsayin ɗan'uwa ba, domin babu nasaba a tsakaninsu. An kai wa matar da ta 'yanta shi, bisa ƙa'idar da hadisin Barira ya kafa cewa wala'i na wanda ya 'yanta ne. Ita kuwa ta ƙi karɓa, ta ce ta sake shi ne don Allah. Sai aka mayar da abin ga baitulmali. Wannan ya dace da abin da Malikiyya suka tafi a kai, cewa wala'in sa'iba na jama'ar Musulmi ne. Shi kuma Muhammadu, wanda Yamama ta mayar maraya, Sayyidina Usmanu ɗan Affan ne ya ɗauke shi ya raine shi, da sunan mahaifinsa. Wannan ita ce kafala.

Shekara goma sha ɗaya bayan haka, a shekara ta 23, Sayyidina Umar yana kwance da sukan da aka yi masa, ana tambayarsa wanda zai bari. Imamu Ahmad ya ruwaito cewa ya ambaci mutum biyu da suka riga shi, ya ce da ɗayansu yana raye da ya amince masa da al'amarin: Abu Ubaida ɗan Jarrahi da Salim.

Yaran Abeshe

Ya 'yan'uwa, mu mutanen Chadi ba sai an ba mu labarin tabannin da ya rushe ba. Ranar 25 ga Oktoba, 2007, jami'an tsaro a Abeshe suka tsare mutanen wata ƙungiyar Faransa mai suna Arche de Zoé, wadda take aiki a nan da sunan Children Rescue, suna shirin ɗora yara 103 a jirgi zuwa Faransa. Sun ce marayun Darfur ne, har an naɗa wa wasu bandeji alhali ba su da rauni. Iyalai a Faransa sun riga sun biya dubban yuro suna jiran yaran. Binciken UNICEF da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar Red Cross ya nuna 91 daga cikinsu suna zaune ne da aƙalla babba ɗaya da suke ɗauka uwa ko uba, kuma mafi yawansu daga ƙauyukan Chadi ne na yankin Adre da Tine. Iyaye da dama sun ce an gaya musu makaranta za a sa yaran a cikin ƙasa.

Ranar 26 ga Disamba, 2007, kotu a nan Injamena ta yanke wa Faransawa shida, ciki har da shugabansu Eric Breteau, ɗaurin shekara takwas da aiki mai tsanani, da diyyar sefa biliyan 4 da miliyan 120, wato miliyan 40 a kan kowane yaro. Bayan kwana biyu aka mayar da su Faransa. Ranar 31 ga Maris, 2008, Shugaba Idriss Deby ya yi musu afuwa. A 2013 wata kotu a Paris ta sami jagororinsu da laifin zamba da dillancin tabanni ba da izini ba. Yaran kuwa sun shafe wajen wata biyar a gidan marayu a Abeshe kafin a fara mayar da su ga danginsu, iyalansu kuma suka yi shekaru suna kukan ba su ga diyyar ba.

Allah Ya tsare waɗannan yara jirgin bai tashi ba. Da ya tashi, da sun sauka a baƙuwar ƙasa da labarin ƙarya a kan ƙasarsu da iyayensu. Dokar Faransa kanta, tun 2001, ta hana tabannin yaron da dokar ƙasarsa ta haramta tabanni, sai in a Faransa aka haife shi kuma a can yake zaune, kuma Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta tabbatar da wannan a 2012 a shari'ar wata yarinya daga Aljeriya. A Amurka, dokar 2000 da ta ba yaran tabanni zama 'yan ƙasa kai tsaye ba ta haɗa da waɗanda suka riga suka cika shekara 18 ba, har aka kori wasu zuwa Koriya ta Kudu bayan sun girma, ba su jin harshen, ba su san kowa ba. A 2010 wata mata a Amurka ta ɗora yaro ɗan shekara bakwai a jirgi shi kaɗai ta mayar da shi Rasha da takarda cewa ta fasa. Kusa da mu kuma, a 2019 'yan sanda suka gano yara tara da aka sace daga Kano aka sayar a Anaca, an canza musu suna da addini. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma idan ya rufta, a kan yaron yake ruftawa.

Abin Da Yake Kanmu

Kada wani ya ji an haramta tabanni ya ɗauka an haramta riƙon maraya. Buhari ya ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu cewa mai ɗaukar nauyin maraya zai kusanci Annabi (SAW) a Aljanna kamar kusancin yatsu biyu. Ɗaukar tsintaccen yaro farilla ce ta kifaya, kuma ɗa ne ba bawa ba. Abin da aka hana shi ne ƙarya a nasaba, da sayar da ɗa, da raba uwa da ɗanta, kuma kowanne akwai hadisi mai tsananin gargaɗi a kansa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin yara ta 1989 ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20, ta kuma tabbatar wa yaro haƙƙin suna da ƙasa da sanin iyayensa a sashe na 7 da na 8. Ƙasashe irin su Aljeriya da Maroko sun tsara kafala a dokokinsu a gaban alƙali.

Saboda haka wanda yake riƙon yaro ya yi masa takardar haihuwa da sunan mahaifinsa na gaskiya, kada ya rubuta nasa. Ya sanar da shi asalinsa da hikima tun kafin wani ya goranta masa a wurin rabon gado ko neman aure. Tun da ba zai gaje shi ba, ya ba shi kyauta yana raye, ya damƙa masa a gaban shaidu, ko ya yi masa wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba, a rubuce. Idan mace ce, a san waliyyinta tun kafin manema su fito, in babu dangi alƙali ne waliyyinta. Iyaye kuma kada talauci ya sa su miƙa ɗa ga baƙon da ya zo da alƙawarin makaranta, ba su san inda za a kai shi ba, ba hukuma, ba shaida. Kwamitocin masallatai su san marayun unguwanninsu su tallafa wa dangin da ke riƙe da su, domin mafi yawan yaran da ake kwashewa talauci ne ya fitar da su, ba maraici ba. Magabatanmu sun ce ɗa na kowa ne. Ma'anarsa kowa ya kula da shi, ba kowa ya ɗauke shi ya tafi ba.

Allah Ya yarda da Salim, da Abu Huzaifa, da Sahla, da Subaita, da sauran sahabban Manzon Allah (SAW). Allah Ya tsare mana zuriyarmu, Ya mayar da ɓatattun yara ga iyayensu, Ya sanya mu cikin masu ɗaukar nauyin marayu bisa gaskiya. Allah ne Mafi sani.